Darasi: Jan tirela da jan motar da ta lalace

1. Mu duba hanya

Babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa da Damagaram, ta wuce har Difa da Gigimi. Wanda ya zauna bakinta yini guda zai ga motoci iri-iri. Akwai manyan motoci masu ɗauke da albasar Galmi ko simintin Malbaza. Akwai kuma ƙananan motocin aiki: mota mai buɗaɗɗen baya da muke kira bashe, da katkat mai shiga rairayi, da taraktar noma. Da su ake kai magani ƙauyuka. Da su ake kai iri da taki gonaki. Da su masu ginar rijiya ke ɗaukar kayan aikinsu.

Sau da yawa motar aiki ba ita kaɗai ke tafiya ba. Wani lokaci tana jan tirela. Tirela akwati ce mai ƙafafu wadda ba ta da inji. Wani lokaci tana jan ƴar'uwarta da ta lalace. Wani lokaci kuma ita kanta ce ta lalace, aka ɗora ta bisa babbar mota za a kai ta gareji.

Waɗannan ayyuka uku suna da ƙa'ida. In an bi ƙa'idar, kaya su isa lafiya, mutane su koma gida lafiya. In an ƙi bin ta, ana iya rasa dukiya, ana iya rasa rai.

2. Nauyin da ke baya ba ya tsayawa da kansa

Duk wanda ya taɓa tura amalanke cike da bidon ruwa ya san abu guda. Tayar da shi da wuya, amma tsayar da shi ya fi wuya, balle a gangara. Abu mai nauyi in ya kama tafiya, so yake ya ci gaba da tafiya. Haka tirela take. In direba ya taka birki, mota ta rage gudu, tirela ba ta san an taka ba. Sai ta turo motar daga baya.

Bari mu auna. Motar da ke gudun kilomita 36 a awa tana cin mita 10 kowace daƙiƙa. In gudun ya kai kilomita 72, mita 20 take ci. Tsakanin lokacin da direba ya ga haɗari da lokacin da ƙafarsa ta sauka bisa birki, kimanin daƙiƙa guda ke wucewa. Cikin wannan daƙiƙa mota ba ta rage komi ba.

Bayan an taka birki ma, mota ba ta tsayawa nan take. In an ninka gudu sau 2, nisan da birki ke bukata yana ninkuwa sau 4. In an ninka gudu sau 3, nisan ya ninku sau 9.

Yanzu mu ƙara tirela. A ce mota tana da nauyin kilo 2000, tana jan tirela marar birki mai kilo 1000. Birkin da aka yi domin tsayar da kilo 2000, yanzu kilo 3000 zai tsayar. Inda dā mita 20 sun isa, yanzu sai kimanin mita 30. Cikin waɗannan mita 10 da suka ƙaru ana iya samun jaki, ko mai keke, ko yaro mai ƙetare hanya.

Duk sauran darasinmu daga nan ya fito.

3. Nawa mota ke iya ja?

Kowace mota tana da iyakarta. Masu ƙera ta sun rubuta iyakar bisa wani ɗan ƙarfe da ke manne jikinta, kusa da inji ko bakin ƙofa. Ana samun ta kuma cikin littafin mota da takardun mota. Lambobi uku ne direba ke dubawa:

- nauyin mota babu kaya;
- nauyin da bai kamata mota ta wuce ba in an loda ta;
- nauyin da bai kamata mota da tirela su wuce ba in an haɗa su.

Ga misali. Mota babu kaya kilo 1800. Iyakarta da kaya kilo 2800. Iyakarta tare da tirela kilo 4300. Ke nan kaya da mutanen da za ta ɗauka ba su wuce kilo 1000 ba. In ta cika fal, abin da ya rage wa tirela da kayanta shi ne 4300 a ɗebe 2800, wato kilo 1500.

A shekarar 1968 ƙasashe da yawa suka taru a Biyena, babban birnin Ostiriya, suka daidaita dokokin hanya. Cikin abin da suka tsai da, sun raba tireloli gida biyu. Wadda nauyinta da kayanta bai wuce kilo 750 ba, ita ce ƙaramar tirela. Ita kaɗai ke iya tafiya babu birkin kanta. Wadda ta wuce haka, dole ta sami nata birki.

Kilo 750 ba shi da wuyar cika. Litar ruwa guda kilo guda ce. Tano mai lita 200 ke nan kilo 200, ban da nauyin tanon kansa. Tano 4 kaɗai sun wuce iyaka. Buhun siminti kilo 50 ne. Babban buhun hatsi yana kai kilo 100. Direban kirki yana yin wannan lissafi tun kafin a ɗora buhu na farko.

4. Ƙaƙa ake loda tirela?

Ku tuna da amalanken jaki. In an tara kaya can baya, sandunan gaba su ɗaga sama, har ƙafafun jaki su nemi barin ƙasa. In an tara su gaba duka, nauyi ya danne bayan jaki, ya kasa tafiya. Mai amalanke da ya san aikinsa yana raba kaya daidai, ya bar ɗan rinjaye gaba.

Ƙaramar tirela haka take. Ƙafafunta suna wajen tsakiya, sandar ƙarfe ta haɗa su. Wannan sanda ita ce aksul. Gaba kuma akwai dogon ƙarfe da ke kamawa jikin mota. Shi ne wuyan tirela.

Ga ƙa'idar lodi:

1. A raba kaya kashi 10. Kashi 6 su zauna gaban aksul, kashi 4 bayanta.
2. Nauyin da wuyan tirela ke dannawa bisa mota ya zama kusan kashi 1 cikin 10 na dukan nauyin tirela, amma kada ya wuce abin da aka rubuta jikin maɗaurin.
3. Kaya masu nauyi ƙasa, marasa nauyi sama.
4. Dama da hagu su yi daidai.
5. A ɗaure komi, kada wani abu ya motsa.

In nauyi ya yi yawa baya, wuyan tirela yana ɗaga bayan mota. Tayoyin baya su rage kama ƙasa. Da gudu ya ƙaru sai tirela ta fara lilo, dama, hagu, dama, hagu, kamar wutsiyar kifi. Lilon yana girma, har ya juya motar ko ya kifar da ita. In kuma nauyi ya yi yawa gaba, bayan mota ya durƙusa, gabanta ya ɗaga. Sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilu su haska sama su kashe idon masu zuwa.

Kaya iri biyu suna son kulawa ta musamman, domin suna motsi da kansu. Na farko ruwa ne. Tankin da ke rabi ya fi cikakke haɗari, saboda ruwan yana kai da kawowa, yana bugun gaba in an taka birki, yana bugun gefe in an sha kwana. Na biyu dabbobi ne. In sun tsorata sukan taru gefe guda. Shi ya sa ake raba su da shinge.

In katako ko ƙarfen gini ya zarce bayan tirela fiye da mita 1, a ɗaura masa jan ƙyalle. Da dare a sa masa jar fitila.

5. Ɗaure tirela jikin mota

Bayan mota akwai maɗauri da aka kafa jikin shasi, wato ƙashin bayan mota. Wani maɗaurin ƙugiya ne mai sakata. Wani dunƙulen ƙarfe ne kamar lemun tsami. Motocin da ke zuwa daga Turai, faɗin dunƙulensu milimita 50 ne. Dole bakin wuyan tirela ya zama daidai da shi. In ya fi shi faɗi, ramin farko da aka faɗa zai fisge shi.

Kafin a tashi, direba da yaron mota suna bin waɗannan matakai:

1. A sa wa ƙafafun tirela matokari, a kawo mota da baya sannu-sannu.
2. A saukar da wuya bisa maɗauri, a rufe, a sa sakata. A gwada ɗaga wuyan da hannu. In ya fita, bai kama ba.
3. A ɗaura sarƙar tsaro jikin shasi. In sarƙa biyu ce, a gitta su ƙarƙashin wuya. Ko maɗauri ya kuɓuce, wuyan zai faɗa bisa sarƙa, ba zai caki ƙasa ba. Kada sarƙa ta yi tsawo har ta ja ƙasa, kada ta yi gajarta har ta hana kwana.
4. In tirela mai birki ce, a ɗaura ƴar wayar da ke kama birkinta in ta tsinke daga mota.
5. A haɗa wayar wuta. Mutum guda ya tsaya baya, ya duba fitilar birki, da ta kwana, da ta dare.
6. A goge jajayen alamu biyu masu kusurwa uku da ke bayan tirela. Su ke shaida wa mai zuwa da dare cewa tirela ce gabansa.
7. A auna iskar tayoyi tun suna da sanyi. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana zafi. Cikin bazara, sa'ad da kwalta ke ƙuna, ba ta daɗewa sai ta fashe.
8. A gyara madubai yadda direba zai ga gefen tirela duka biyu.

Abu guda kada a yi ko kusa: maye gurbin sakata da ƙusa, ko waya, ko guntun icce. Bayan an yi ƴan kilomitoci, a tsaya a sake duba igiyoyi da maɗauri, domin girgizar hanya tana kwance ɗauri.

6. Tuƙi da tirela

Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. Mai jan tirela ya fi kowa bukatar wannan magana.

*Tazara.* Ya bar fili mai yawa tsakaninsa da motar gaba. In motar gaba ta wuce wani icce, ya ƙirga daƙiƙa 4 aƙalla kafin shi ya kai iccen. In akwai ƙura ko ruwan sama, ya ƙara.

*Kwana.* Ƙafafun tirela ba sa bin sawun ƙafafun mota. Suna yanke kwana, suna bi ta ciki. Tirela in ta fi tsawo, ta fi yankewa. Sai direba ya buɗe kwanarsa, ya duba madubi.

*Gangara.* Ƙasar Adar, wajen Tawa, Kaita da Buza, tana da tuddai. Wanda ya danne birki tun daga saman tudu har ƙasa, birkinsa zai yi zafi ya daina kamawa. Tun kafin gangara ake sa ƙaramar giya, inji ya riƙe mota. Ba a kashe inji, ba a fitar da giya.

*Lilo.* Iskar hunturu mai ƙarfi, ko iskar babbar mota da ta wuce, tana iya tayar da lilo. Direba kada ya taka birki da ƙarfi, kada ya yi ta murɗa sitiyari, kada ya ƙara wuta. Ya riƙe sitiyari sosai, ya ɗaga ƙafa daga totur, gudu ya ragu da kansa. Sa'an nan ya tsaya gefen hanya ya gyara lodi.

*Baya-baya.* In bayan mota ya nufi dama, tirela hagu take nufa. In an matsa, mota da tirela su naɗe kamar aska. Mai nuna hanya ya tsaya gefe, inda direba ke ganinsa cikin madubi. In direba ya daina ganinsa, ya tsaya nan take.

Tirelar kaya ba wurin zaman mutane ba ce. Ba ta da kujera, ba ta da abin riƙewa. Wanda ya faɗo daga gabanta, ƙarƙashin ƙafafunta zai faɗa.

7. Jan motar da ta lalace

Mota in ta mutu bisa hanya, aiki na farko shi ne kare masu zuwa. A tura ta gefe. A ajiye alama mai kusurwa uku gaba da baya, nisan mita 30 aƙalla. Direbobinmu sukan jera rassan icce ko duwatsu. In an yi haka, dole a kwashe su kafin a tafi. Dutsen da aka manta tsakiyar kwalta yana iya kayar da mai babur da dare.

Ana jan mota da sandar ƙarfe ko da igiya mai ƙarfi. Sanda ta fi, domin tana hana motar baya karo da ta gaba. In birkin motar ne ya lalace, igiya ba ta da amfani ko kaɗan. Sai sanda, ko a ɗauki motar ɗungum.

In igiya ce, a kiyaye waɗannan:

- Motar da ke ja ta fi wadda ake ja nauyi, ko aƙalla su yi daidai.
- Tsawon igiya kimanin mita 4 zuwa 5. A ɗaura jan ƙyalle tsakiyarta domin mutane su gan ta.
- A ɗaura ta ga zoben ƙarfe da aka yi domin ja. Kada a ɗaura ga ƙarfen kariya na gaba, ko ga ƙarafan sitiyari.
- Wanda ya iya tuƙi kaɗai ke zama cikin motar baya. Sauran fasinja su sauka.
- A bar mabuɗi a kunne, in ba haka ba sitiyari zai kulle a kwanar farko. A fitar da giya, a saki birkin hannu.
- Direbobi biyu su shirya alamunsu tun da wuri: ƙaho guda, a rage gudu, ƙaho mai tsawo, a tsaya.
- A tashi sannu har igiya ta miƙe. Kada a fisga. Kada gudu ya wuce kilomita 25 zuwa 30 a awa.
- Direban baya ya riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan domin igiya ta zauna miƙe.

Akwai abin da mutane da yawa ke mantawa. A yawancin motocin yau, inji ne ke taimakon birki da sitiyari. In inji ya mutu, birki ya yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. Direban baya zai bukaci ƙarfi fiye da yadda ya saba.

Wasu motoci kuma ba sa son ja sam. Mota mai canza giya da kanta, in an ja ta nesa inji a kashe, mai ba ya zagayawa cikin akwatin giya, sai ya ƙone. Katkat wadda ƙafafunta huɗu ke aiki kullum, in an ɗaga biyu an bar biyu suna juyawa, ita ma tana lalacewa. Irin waɗannan ɗora su ake yi, ko makaniki ya kwance ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu.

8. Motar da ta kafe

Arewacin Dakwaro da Tanut rairayi ke kama mota. Da damina kuma taɓo ne, bakin Gulbin Maraɗi ko cikin kwarin Majiya. Kafin a nemi mai ja, a taimaki motar. A sauke kaya. A haƙe gaban tayoyi. A rage musu iska kaɗan in rairayi ne. A shimfiɗa faifan ƙarfe ko rassa.

Igiyar da ake ciro mota da ita tana ɗaukar ƙarfi mai yawa. In ta tsinke, tana dawowa kamar bulala, da ƙugiyar ƙarfe a bakinta. Tana fasa gilashi, tana karya ƙafa, tana kisa. Saboda haka:

- kowa ya ja gefe, nisan da ya fi tsawon igiyar sau ɗaya da rabi;
- a rataya bargo ko buhu mai nauyi tsakiyar igiya, domin in ta tsinke ta faɗi ƙasa;
- kada a ɗaura igiyar ga dunƙulen jan tirela, domin fisga tana iya karya shi ya tashi kamar harsashi;
- kada kowa ya ƙetare igiyar da ke miƙe.

9. Ɗora mota bisa mota

In tafiya da nisa, kamar daga Damagaram zuwa Yamai, ɗaukar mota ya fi jan ta. Ana ɗora ta bisa babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya ko bisa tirelar da aka yi domin haka.

A nemi wuri mai daidai. A ja birkin hannun babbar mota, a tokare ƙafafunta. A kafa matakan hawa masu ƙarfi, a ɗaure su kada su zame. In tsayin bayan mota mita 1 ne, tsawon matakan ya kai mita 4. A hau sannu. Kada kowa ya tsaya baya ko ƙarƙashi.

Gefen da inji yake shi ya fi nauyi, shi zai fuskanci gaba. A ja birkin hannu, a sa giya, a tokare tayoyi. Amma wannan bai isa ba. Ƙa'idar ɗaurin kaya ta ƙasashen Turai tana lissafin cewa in an taka birki da ƙarfi, kaya suna tura gaba da ƙarfin da ya kai kashi 8 cikin 10 na nauyinsu. Motar kilo 2000 ke nan tana turawa kamar kilo 1600. Birkin hannu ba ya riƙe wannan. Dole a ɗaure ta kusurwa huɗu da sarƙa ko ɗamara mai ƙarfi, biyu suna ja gaba, biyu suna ja baya. Ɗaure tayoyi ya fi, domin jikin mota yana tsalle bisa sifirin, yana sassauta ɗauri.

Daga ƙarshe a auna tsayin lodi, saboda wayoyin lantarki da rassan itatuwa cikin gari. Ba wanda zai zauna cikin motar da aka ɗora.

10. Abin da ya shafe ku

Yara, yau ba ku tuƙi. Amma kullum kuna bakin hanya, kuna zuwa makaranta, kuna zuwa aike, kuna kora dabbobi. Ku riƙe waɗannan:

- Mota in ta wuce, ku duba bayanta kafin ku ƙetare. Wataƙila tana jan wani abu.
- In kun ga motoci biyu kusa da juna suna tafiya sannu, kada ku ratsa tsakaninsu. Wataƙila akwai igiya.
- Kada ku ɗafe tirela, kada ku hau wuyanta, ko da tarakta ce mai tafiyar hawainiya.
- Kada ku kwanta inuwar tirelar da ke tsaye. Direba ba ya leƙa ƙarƙashi kullum.
- A bakin kwana ku ja da baya, domin ƙafafun tirela suna bi ta ciki.
- In ba ku ga fuskar direba cikin madubinsa ba, shi ma bai gan ku ba.
- In ana ciro mota, ku yi kallo daga nesa, ku janye ƙannenku.
- In haɗari ya faru, ku kira manya. Lambar ƴan sanda 17, ta sojojin kashe gobara 18. Kada ku ja wanda ya ji rauni, sai in wuta ko wata mota za ta same shi.

11. Mu gwada a aji

Ku ƙera motar kara ko ta gwangwani. Ku ƙera mata tirela mai ƙafa biyu a tsakiya, ku haɗa su da waya. Ku nemo tsakuwa 10 masu girma ɗaya.

a) Ku zuba tsakuwa duka baya, ku ja da gudu. Mi ya faru?
b) Ku zuba su duka gaba. Ƙaƙa bayan mota ya zama?
c) Ku sa 6 gaba, 4 baya. Wace tafiya ta fi kyau?
d) Ku jiƙa ƙafafun mota da na tirela, ku sha kwana bisa siminti. Ku duba sawu. Wane sawu ya bi ta ciki?

Ku zana abin da kuka gani cikin littafinku.

12. Kalmomi cikin harsuna biyu

tirela : la remorque
wuyan tirela : le timon
maɗauri : l'attelage
aksul : l'essieu
birki : le frein
sitiyari : le volant
matokari : la cale
nauyi : le poids
gudu : la vitesse
jan mota : le remorquage

13. Tambayoyi

1. Mi ya sa mota mai jan tirela ke daɗewa kafin ta tsaya?
2. Wace tirela ce dole ta sami birkin kanta?
3. Mi ke sa tirela lilo? Mi direba zai yi in ta fara?
4. Don mi ake gitta sarƙoƙin tsaro ƙarƙashin wuya?
5. Yaushe ne bai kamata a ja mota da igiya ba?
6. Ku faɗi abu uku da ɗan makaranta ba zai yi kusa da tirela ba.

14. Lissafi

1. Tirela babu kaya kilo 250 ce. Iyakarta kilo 750. Buhun siminti nawa za ta ɗauka?
2. Za a loda buhu 10. Nawa za su zauna gaban aksul, nawa bayanta?
3. Mota tana gudun kilomita 54 a awa. Mita nawa take ci cikin daƙiƙa guda? Mita nawa cikin daƙiƙa 4?
4. A gudun kilomita 30 birkin wata mota yana bukatar mita 6. Mita nawa zai bukata a gudun kilomita 60?
5. Igiya tana da tsawon mita 8. Nisan mita nawa ya kamata masu kallo su wuce?

15. Mu riƙe

Nauyin da ke baya ba ya tsayawa da kansa. Mai ja ya san iyakar motarsa, ya raba kaya daidai, ya ɗaure da kyau, ya tafi sannu. Mai tafiya ƙasa ya duba bayan mota, ya nisanci igiya.

*Aikin gida:* ku tambayi wani direba ko mai amalanke na unguwarku yadda yake raba kayansa. Ku rubuta amsarsa cikin layi 5, ku kawo gobe.